An Binne Ɗan Balad a Ƙasar Haɗeja

Ina cikin auna wa wata mata shadda a shagonmu na Bab Makka, tsohuwar ƙofar garin Jidda, da hantsin ranar Talata, sai waya ta shigo da lambar Najeriya. Murya ce da ban sani ba. Ya ce, "Kai ne Mamman na Jidda? Tsohon nan naku Allah Ya yi masa cikawa da asuba. Har mun kai shi." Tsohon nan naku, haka ya faɗa, alhali shi jikan ƙanen mahaifin marigayin ne. Na yi salati, na ajiye almakashi, na bar wa maƙwabcina shagon. Ni nauyin ya faɗa wa, in je unguwar Hindawiyya in shaida wa Inna Sa'a cewa mijinta, Baba Idi, ya rasu, an kuma binne shi a wani ƙauye na ƙasar Haɗeja da ba ta taɓa gani ba. Shi kansa bai taɓa ganin ƙauyen ba sai bara.

A Jidda aka haifi Baba Idi, a cikin tsohon gari da ake kira Balad. Mahaifinsa da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja, ya ratsa Chadi da Sudan, ya haye teku, ya sauke farali, ya tsaya neman guzurin komawa. Ga-ruwa ya yi, yana hawa benayen attajiran Balad da garwa biyu a kafaɗa, har ƙarfinsa ya ƙare. An binne shi a tsohuwar maƙabartar da ke kusa da Bab Makka. Baba Idi bai tara komai ba a duniya, tuƙin motar wani sito ya yi a Madinar Masana'antu har idonsa ya fara rauni, kuma burinsa ɗaya ne wanda duk wanda ya zauna da shi ya sani: ya mutu a Jidda, a kai shi inda aka kai mahaifinsa.

Na zo daga Damagaram ina saurayi, ban san gabas ba ban san yamma ba. Al'adar Baba ce duk Juma'a bayan La'asar ya ɗauki sabon zuwa ya zaga da shi Balad a ƙafa, kuma ba ya karɓar ko kofin shayi. Ranar da ya ɗauke ni, da ya ga takalmin da na sa sai ya ce, "Ya waladi, ɗana, ɗaurin aure za ka? Koma ka sa silifa, yalla, mu tafi." Muka shiga ta Bab Makka, muka wuce masu turare da masu dabino, muka faɗa lungunan da mutum biyu ba sa jerawa. Yakan tsaya ya ɗora tafin hannunsa a bango, ya ce in ɗora nawa. Dutsen teku ne, in ka duba da kyau za ka ga bawon katantanwa a cikinsa. Ya nuna mini tagogin katako da suka turo kai bisa hanya, waɗanda ake kira roshan, inda matan gida ke zama su ga mai wucewa shi bai gan su ba. Ya ce mahaifinsa ya san kowane gida da yawan matakalarsa, bai taɓa sanin falon ko ɗaya ba.

Ranar nan, a tsakiyar gari, na tsaya kallon wata ƙofa mai sassaƙa, na waiwayo babu Baba. Na yi ta bulayi, duk lungun da na shiga sai ya dawo da ni gaban wani mai sayar da dafaffen waken da ake kira balila, har mutumin ya fara yi mini dariya. Ashe Baba yana zaune a dakalin wani masallaci yana kallona. Da ya ga na kusa kuka ya fito. Ya ce, "Shuf, duba, garin nan ba a tambayar hanya. Iska daga wajen teku take zuwa. In tana dukan fuskarka, teku ka nufa. Ba ta baya, za ka fita Bab Makka. Halas, shi ke nan." Haka ya yi wa kusan duk wani ɗan kasuwa Bahaushe da kuke gani yau a wannan yanki. Da yawansu sun yi shaguna, sun yi tumbi, wasu ma in sun gan shi daga nesa sai su shiga duba waya.

Akwai wata ƙofa da ba ya wucewa sai ya tsaya. A gabanta, in ji shi, aka zauna wata shekara ana rubuta mazauna gari ana ba su takardar zama 'yan ƙasa, shi yana yaro. Mutanenmu suka taru suka yi shawara. Mahaifinsa ya ce, "Mu alhazai ne, baƙin Allah. Bayan hajjin bana za mu tafi gida. Me za mu yi da takardar garin mutane?" Akasarinsu suka bi bayansa. Maƙwabcinsu ɗaya ya je ya karɓa, aka yi ta yi masa gori wai ya sayar da asalinsa. Mahaifin Baba yana da ƙunshin kayan tafiya a ɗaure a kan gado, kowace shekara a kwance a shanya a sake ɗaurewa, har ya mutu bai tafi ba. Baba yakan ba da labarin yana murmushi, ya ƙare da cewa, "Allah Ya jiƙan tsoho. Shi ya yi niyyar tafiya, ni aka bar wa tafiyar." A lokacin dariya muke yi.

Saboda haka mutumin da aka haifa a Balad ya rayu da iƙama, takardar zaman baƙo, a ƙarƙashin kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, kamar ni da na zo jiya. Da kafilinsa ya rasu, magada suka rufe siton, takardar ta mutu. Abin da ake buƙata bai fi wani ɗan ƙasa ya karɓe shi a ƙarƙashin sunansa ba. Kuma akwai mai iyawa. Ɗan maƙwabcin nan da ya karɓi takarda, Sale, nono ɗaya suka sha da Baba Idi, domin mahaifiyar Baba ce ta shayar da shi lokacin da tasa ta kwanta ciwo. Yau yana da shagunan zinariya. Na raka Baba wurinsa ba sau ɗaya ba. Kullum sai ya miƙe ya sumbaci kansa, ya sa a kawo gahawa, ya ce, "Akhuya, ɗan uwana, wannan ai ƙaramin abu ne. Bukra, gobe in sha Allahu." Mu fito, ni ina huci, Baba ya ce, "Bar shi. Mai dukiya tsoron biro yake ji."

Inna Sa'a ta roƙe shi ya zauna a gida har a gyara. 'Ya'yansa mata biyu suka roƙe shi. Ya yi 'yan makonni a ɗaki, ƙafafunsa suka kumbura, ya daina cin abinci. Sai ga saƙo daga Sale ɗin nan, wai ya yi baƙi biyu daga Kano, abokan cinikinsa, suna son ganin tsohon gari, kuma babu wanda ya san shi kamar ɗan uwansa. Baba ya sa farar jallabiyarsa ya fita. A wani lungu masu duba takardu suka tsayar da su. Ba na zarginsu, aikinsu suka yi. Ɗaya daga cikin baƙin ne ya ba ni labari daga baya, ya ce kafin a wuce da Baba sai da ya juyo ya ce musu, "Ku miƙe wannan lungun, kada ku karkata, zai fitar da ku bakin ƙofa. Ku yi haƙuri, ban ƙarasa muku ba."

Aka sa shi a jirgi zuwa Kano, daga can dangi suka kai shi ƙauyen mahaifinsa. Ba su wulaƙanta shi ba, sun ba shi ɗaki da tuwo, amma ba su san shi ba. Mukan yi waya. Ya ce mini, "Ya waladi, garin nan hanya ɗaya ce. In na tafi ƙarshenta na dawo, ruwan shayi bai tafasa ba. A Jidda ni Takaruni ne, baƙo daga Afirka, a nan yara Balarabe suke ce mini, suna kwaikwayon Hausata." Sai ya tambaye ni ko an gama gyaran roshan ɗin wani gida da muka bari da katakai a jingine. Na ce an gama, an shafa masa kore, masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto. Sai ya ce da can launinsa ruwan ƙasa ne.

Mun yi zaman makoki a Hindawiyya, kujeru a jere a ƙofar gida, babu gawa, babu kabarin da za a je. Al'adar nan ita ce dangin mamaci su tsaya a layi, masu ta'aziyya su bi su ɗaya bayan ɗaya. Baba bai bar ɗa namiji ba, don haka Sale ne ya tsaya a kan layin, da sunan ɗan uwa na nono, yana share ido da gefen ƙyallen kansa. Dole na bi layi na ba shi hannu. Ya riƙe ni ya ce, "Wallahi ya Mamman, da na san abin zai kai haka..." Na ce, "Ka sani." Na zare hannuna na wuce. Har yau zuciyata ba ta huce ba, kuma ba zan ɓoye hakan a rubutun da na yi don mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Allah Ya jiƙan Baba Idi, Ya gafarta masa, Ya yalwata masa kabarin da aka haƙa masa nesa da inda ya roƙa. Ya haɗa shi da mahaifinsa a gidan rahama, Ya yafe wa tsohon shawarar da ya yanke da kyakkyawar niyya. Allah Ya ba Inna Sa'a haƙuri, ita da in ta fita ziyarar kabarin mijinta ba ta da tabbacin za ta dawo wurin 'ya'yanta. Ya rufa wa 'ya'yansa asiri. Ya kuma tsare jikokinsa, waɗanda aka haifa a Jidda kamar shi, ba su san wani gari ba kamar shi, kuma takardar da ke aljihunsu irin tasa ce. Amin.