Bencin Gaban Malama

Shekara talatin da ɗaya Malama ta yi tana koyar da lissafi a aji shida, kuma dabararta ɗaya ce tak. Da sakamakon jarrabawar bai-ɗaya ya iso, sai ta zare biyar na ƙarshe ta dasa su a bencin gaba, dab da allo, ta yi ta zazzaga musu faɗa. Jarrabawa ta gaba makinsu ya tashi. Na sama kuwa ba ta yabonsu, don sau biyu ta gwada, sau biyu suka sauko. Ko 'yar cikinta da ta zo ta ɗaya, abin da ta samu shi ne, "To, sai me?"

Da ta kusa ritaya, hedimasta ya roƙe ta ta koya wa sababbin malamai sirrin bencin. Har sabon kaya ta ɗinka. Ta kwashi tsofaffin takardun sakamakon makarantar ta kai wa 'yar, wadda yanzu ke aiki a ofishin jarrabawa, don ta zana mata jadawali.

'Yar ta baje su a tebur, ta jima tana dubawa.

"Mama, malamin nan na ajin kusa da naki, mai gyangyaɗi, yana da bencin gaba?"

"Wannan? Ko sunayen yaransa bai sani ba."

"To, ga nasa biyar na ƙarshe. Su ma sun tashi, kusan daidai da naki."

"Miƙo min tabarau."

"Wanda ya zo na ƙarshe, sau da yawa ranar ce ta zo masa a karkace, ko zazzaɓi ko tambayar da bai karanta ba. Gaba sai ya koma matsayinsa. Na ɗaya ma sa'a ce ta ɗan ƙara masa. Ko ki yi faɗa, ko ki yi barci, duk ɗaya ne."

"Wato a banza na kashe muryata."

"Ni ban ce ba."

"Takarda ta ce."

Ranar taron ta sa kayan, tunda an riga an ɗinka. Ta ce wa malaman kafin su yi taƙama da wata dabara, su leƙa sakamakon ajin da ba a yi ta ba. Minti huɗu ta gama ta zauna. Hedimasta ya rasa yadda zai yi da sauran awar.

Daga nan ta biya ofishin 'yar, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ke. Jarrabawar nan da kika zo ta ɗaya. Kin yi ƙoƙari."

"Bayan shekara ashirin da biyu, Mama?"

"Na dai faɗa. In kin sauko, ba ruwana."