Gadar da Baba Sewanu Bai Taɓa Hawa Ba

Duk unguwarmu ta kan ruwa babu wanda zama ke yi wa wuya kamar maƙwabcina Baba Sewanu. Ko abinci a tsaye yake ci. Yana saurayi aka fara kafa doguwar gadar nan da ta ratsa ruwan Ikko zuwa tsibiri, yana cikin masu nutso da bokiti suna ɗebo yashi. Aiki ya tsaya shekaru, ya yi ta zagin ginshiƙan. Da aka gama sai ya koma zagin na sama, don kullum sai sun jefo masa ledar ruwa ko ɓawon lemo cikin kwalekwale.

Shekara talatin yana kamun kifi a ƙarƙashinta, amma bai taɓa hawa ba. Kullum sai gobe.

Sai yanar ido ta kama shi. Hankalinsa ya tashi, ba shi da magana sai ta ganin gidansa daga sama kafin hasken ya ƙare. Duk da haka kullum da uzurinsa: yau raga ta yage, gobe kifi ya shigo. Tsoro ne kawai, ni na sani. Wata shida yana wannan kai-kawo, ido na ƙara rufewa, har 'yarsa Mautin ta gaji ta tura shi cikin motar haya, ta saya masa lemo don ya yi shiru.

"Direba, kunkuru ne ya haife ka?" in ji Baba.

"Baba, in sauri kake, sauka ka yi iyo!" in ji direba.

Suka hau gada. Ya manna fuska a taga, bai ga komai ba sai fari fat. Mautin ta ce min ba ta taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba. Can sai ta ga bakinsa na motsi. Ashe ƙarar taya a mahaɗar gada yake ƙirgawa, ƙarar da ya saba ji daga ƙasa.

"Mautin, duba dama. Nan ne gida."

"Nan ne kuwa, Baba!"

"Kin ga mamanki? Yanzu tana gasa kifi."

"Ba a gane mutum daga nan. Rufin kwano ne kawai da hayaƙi."

Ya janye fuskarsa daga taga.

"Ashe na sama ba su ma san muna can ƙasa ba," in ji shi.

Ɓawon lemon da ke hannunsa ya cusa a aljihu, da shi ya dawo gida.