Basanti da Rimin Ungulu

Malama Basanti Mahato ba ta iya zama wuri ɗaya ba, haka aka haife ta. Shekara goma sha tara tana koyarwa a firamaren ƙauyensu, amma ka sami 'yan ajinta a kan benci ranar Juma'a, sai dai in ruwa ake yi. Tana gaba suna biye, sai gindin rimin Jagdew, tsohon manomin da ke hayin rafi.

Tana yarinya, in saniya ta mutu ungulaye rufe sama suke yi. Daga baya wata allurar shanu da ke zama guba a mushe ta kusa ƙarar da ungulayen. Sheƙa uku suka rage a duk yankin, duka a kan rimin nan. Yara su kwanta rigingine su yi ta kallo, su zana, su yi gardamar wace ce uwar.

Wata Talata labari ya iske ta: Jagdew ya kira masu zarto su sare rimin, Asabar za su zo. Matarsa ce ba lafiya, dangi kuma suka ce inuwar ungulu ce ta faɗa kan rufin gidan. Basanti ta bar shinkafa a wuta ta tafi.

"Kawu, ciwon Inna na asibiti ne, ba na tsuntsu ba."

"'Yar nan, da ke kike jin nishinta kullum, da ba ki faɗi haka ba. Je ki ji da allonki."

Kwana biyu tana safa da marwa. Mai gari ya ce gonar mutum ai tasa ce. Can dabara ta faɗo mata: zaren nan na al'adarsu da 'ya mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta a hannu a wani biki na shekara-shekara, su zama ba mai barin a taɓa wani. Bikin saura wata shida, amma ina Basanti ina jira? Ranar Juma'a yara talatin suka kewaye rimi da jan zare, aka raba alewa. Lalmuni, jikar Jagdew, ita ce Basanti ta sa ta fara ɗaurawa.

Tsoho ya daɗe yana kallo. "Kin ɗaure ni," in ji shi. "Wa zai sare ɗan'uwan jikarsa?"

Basanti ta koma gida tana fara'a, har da raba wa maƙwabta shayi.

Da Juma'a ta zagayo suka tarar da rimi a tsaye, zare bai motsa ba. Amma an datse rassan sama guda uku. Ga sheƙu a ƙasa, ga fasasshen ƙwai, ƙudaje sun rufe shi.

Jagdew ya fito, ba alamar kunya. "Ban taɓa gindinsa ba. Itace kuka ɗaura wa zare, Malama, ba wanda ya ce mini ungulu ma dangi ne. Kuma jiya innarki ta ci abinci."

Takaici ya turnuƙe Basanti, kuma kanta take jin haushi, ba tsohon ba. Lalmuni ta durƙusa tana tattara ɓawon ƙwan a gefen rigarta.