Gurbin da Khainza Ta Ƙi Cikewa

Kullum da safe ɗan acaɓa yakan sauke Khainza Perpetua a ƙofar ofishinmu da ke Mbale, da ƙunshin gasasshen rogo a hannu da tabarau mai kauri a fuska. Ba ta da doguwar gaisuwa. Takan haɗa shayinta, ta kunna kwamfuta, ta buɗe sunayen mutanen da ƙasa ta zaftaro daga dutse ta rufe ƙauyukansu. Neman waɗanda suka ɓata shi ne aikin ƙungiyarmu, ita kuwa ita ke rubuta manhajar da muke aiki da ita. A cikin sunayen nan har da na ƙanenta Wepukhulu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don idanun sun gaji.

A manhajar, kowane mutum yana da gurbi mai tambaya ɗaya: an same shi da rai? Amsar i ce ko a'a, amma yawancin mutanenmu babu wanda ya san amsarsu, sai a bar gurbin fayau. Rigimar tana tasowa ne in za a aika bayanan zuwa asibitoci da ofisoshin gunduma, don sai an juya su zuwa XML, tsarin rubutun da kwamfutar kowa take ganewa. Manhajar da ke juyawar ba ta san "ba a sani ba" ba. Duk gurbin da ta tarar babu komai, sai ta ɗirka masa a'a. A can kuwa a'a mutuwa ce. Saƙo ya isa ƙauye, dangi su sare kututturen ayaba su binne a madadin gawa, a raba gona, a daina nema.

Khainza ce ta tsaya kai da fata sai an gyara. Ta mai da gurbin mai hali uku: i, a'a, ko ba a sani ba. Da farko ta sa a tsallake shi gaba ɗaya in babu amsa, sai ta ga wasu kwamfutocin in ba su gan shi ba su ma a'a suke ɗauka. Ta dawo ta sa a riƙa aika shi da alamar da ke cewa da gangan aka bar shi babu komai. Daga nan ta bi masu karɓar bayanan ofis-ofis, a motar haya, tana fama da su har suka gyara nasu. Wasu har yau ba sa son jin sunanta, kuma bai dame ta ba.

Wamono, abokin aikinta, ya sha ba da labarin ranar da ya gaji da ita.

"Yaya Khainza, layi ɗaya ne fa. Ki bar shi a'a mu tafi kafin ruwa ya sauko."

"Kai ka ga gawar?"

"Ban gani ba."

"To, kwamfutar ma ba ta gani ba. Ja kujera ka zauna, ba gishiri ba ne kai da ruwa zai narkar."

Ke ce kika hana na'ura yi wa bayin Allah ƙarya, Khainza, mai riƙon amanar waɗanda ba su nan. Ke ce sanadin da wata ma'aikaciyar jinya ta ci gaba da duba sunaye har ta gane mijin wata mata mai suna Nabutsale, kwance a asibiti mai nisa, bakinsa ya ƙi magana. Matar ta zo da tukunyar malewa, miyar tohon gora, tana ta tambayar wa za ta gode wa. Kina jin ta, kika sunkuyar da kai kan aikinki kamar ba ke ba. Abin da ke ci mana rai shi ne, kin mayar wa mutane nasu, naki bai dawo ba.

Shekaru suka ja. Mahaifiyarta ta rasu tana jiran Wepukhulu. Bana kawunsu ya tara dangi ya ce ya isa haka, matar Wepukhulu ta tsufa a zaune, ba miji ba takaba. Khainza ba ta yi musu ba, ta san yana da gaskiya. Ta hau dutsen, ta tsaya aka sare ayaba aka naɗe a zane, ta zuba ƙasa da hannunta, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Da ta dawo, Wamono, wanda zai gaji kujerarta, ya buɗe sunan ƙanen nata ya tambaye ta a hankali.

"Yaya, tunda an yi jana'iza, in cike?"

Ta cire tabarau ta share ido.

"Ayaba muka binne, Wamono. Wepukhulu ba mu sani ba. Bar shi yadda yake."

Mun gode, Khainza. Allah Ya saka miki, Ya sanyaya miki zuciya. Ku kuma masu rubuta manhaja, ku yi koyi da matar nan: duk inda kuka tarar da gurbi babu amsa, kada ku bari na'ura ta amsa. Wataƙila ƙanen wata ne a ciki.