Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Masu tambaya ko lafiya na ɓace daga shafin nan, ina nan da raina. Jinya na yi, ta yaron da bai taɓa kwanciya ciwo ba. Yau zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Ɗan farina ne, kuma sunan mahaifin mijina aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kaina. A gidanmu na Ƙofar Guga uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Kowa Abba yake ce masa. Ni ko Abban ban taɓa faɗa ba. In ina son sa, sai in je in kamo hannunsa. Aka yi ta yabona, wai ina da kawaici.

Ya cika shekara biyu bai ce Mama ba. Sai nuni, sai jan zani, sai kuka in an kasa gane abin da yake so. 'Yar maƙwabciyata da ya girme wa har ta fara kai ƙarar yayyenta.

A wani taron suna wata mata ta dube shi ta ce, "Wanga dai bebe ne ko?" Na yi murmushi kamar ba nawa ba. Na shiga banɗaki na yi kuka.

Hajiya, uwar mijina, ta yanke hukunci. "Linzami ne a ƙarƙashin harshenshi. A kira wanzami shi yanke, ku ji shina surutu kamar rediyo."

Wanzami ya zo da zabirarsa. Ina ganin askar na sure yaron na shige ɗaki na danna sakata. Na ce, "Babu mai sa mashi ƙarfe a baki!"

Gida ya ɗauka. Uwar ɗan fari ta yi baki! Maigida ya tsaya bakin taga yana cewa, "Ki rufa mani asiri, kada ki sa ni tsakiya." Ban buɗe ba sai da aka yarda a fara zuwa asibiti. Hajiya ta ce da ita za a je, ta ga abin da boko zai faɗa.

Yankan kati, layi tun sassafe, daga sashen yara aka tura mu sashen kunne. Likitar ta ɗaga harshensa ta ce ƙalau yake. Sai ta tambaye ni, "In kin kira shi yana waiwayowa?"

Na sunkuyar da kai. Hajiya ta amsa mini, "Ɗan fari ne, likita, ba ta kiran shi. Mu kuwa sai mun yi ihu yake juyowa. Miskili ne kamar kakanshi."

Likitar ta ce, "Koma bayansa ki kira sunansa. Kada ki ɗaga murya."

Na tsaya a bayansa. Ga Hajiya tana kallona, sunan kuma na marigayi mijinta ne. Sai na kalli ƙeyar yaron nan, yana wasa da murfin gora shi kaɗai, na ji kunyar ta fita daga raina.

Na kira shi.

Bai juyo ba.

Na sake kira, na ƙara. Ko gezau. Karon farko da uwarsa ta ambaci sunansa a duniya, kuma bai ji ba. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Gwaji ya nuna ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa, duka biyun. Yana jin maganarmu kamar wanda aka toshe wa kunne da auduga. Aka gwada magani, aka jira, ruwan bai janye ba. Aka yi masa ƙaramin aiki, suka sa ɗan bututu ruwan ya tsiyaye. Keken ɗinkina ne ya tafi a wannan hidima, kuma ban yi da-na-sani ba.

Da za a sallame mu likitar ta ce, "Kunne mun gyara. Baki kuma aikinki ne. Ki dube shi ido cikin ido ki yi ta yi masa magana."

To, na buɗe baki. A tsakar gida, gaban kowa. Ina wanke-wanke ina ce masa ga kofi, ga cokali. Ina yi masa waƙa, ina goya shi, ina yi masa cakulkuli. Aka ce na zubar da mutuncin gida. Wata gwaggo ta ce, "Mi ya rage kuma? Sai ta ɗora shi a ka ta zagaya hasumiyar Gobarau." Na ce in zai sa ya yi magana, a nuna mini hanya.

Kalmarsa ta farko "ruwa" ce. Mama ta biyo baya, a gaban Hajiya kuwa, kuma na amsa da ƙarfi.

Har yanzu bai kamo sa'o'insa ba, muna zuwa ganin likita. Hajiya ta dage wai linzamin ne ya tsinke da kansa. Na bar mata. Ita ce dai na kama jiya tana nuna masa kaza tana cewa, "Ce kaza."

Alhamdulillahi. Na gode wa likitar nan, da ƙanwata da ta sha zaman layi tare da ni, da maigida da ya dawo bayana daga baya.

Iyaye, in yaro ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalmomi, ko sai an yi ihu yake juyowa, ku kai shi a duba kunnensa kafin kowa ya taɓa masa harshe. Kada ku zauna jiran "zai yi". Ke kuma mai ɗan fari, ki koma bayansa yau ki kira shi a hankali. Masu yabon kawaicinki ba su za su yi masa magana ba.

Sunansa Sulaimanu. Ni na haife shi. Yanzun nan na kira shi daga ɗaki, ban ɗaga murya ba, ya ce, "Na'am."