Takardun Kakana a Wuyan Yara

Waɗanda muka yi tafiyar ga su: ni, da jikata mai karatun lissafi a Yamai, da direban motar kasuwa wanda bakinsa bai san hutu ba, da wani Buzu da akuyarsa, sai wata mai jego da ta kama barci tun a tashar Tanut. Ana sallame asuba muka ɗauki hanyar Belbeji.

Ga abin da ya fitar da ni. Kakana, uban babana, malamin hisabi ne. Shi ke raba gado a ƙauyukan yankin, shi ke duba taurari ya ce a yi shuka ko a jira. A gidansa aka yaye ni, ya rasu ban kai in riƙe kamanninsa ba. Jikata ta ci karo da ganye kaɗan na rubutun hannunsa a ɗakin ajiyar tsoffin takardu can Yamai. Malamanta suka ce in ta samo sauran ta rubuta tarihinsa, in ba ta samo ba ta nemi wani aikin. Ni ban san alif ba, amma na san gidan da aka bar gafakarsa.

Hanya rairayi ce da ramuka. Motar ta kafe, maza suka sauka turi, akuya ta samu sarari ta ci gefen mayafina. Buzun ya ba ni cuku don in huce, na karɓa, ban huce ba. Lokacin girbi ne, amma damman da na gani a gonaki ba su cika ido ba, rumbuna da yawa a buɗe suke. A Belbeji na tambayi tiyar hatsi, da na ji kuɗin na riƙe bakina. Fura dai tasu ta fi tamu, nonon ba a yi masa ruwa ba. Daga nan amalanke ya kai mu ƙauyen kakana bayan la'asar.

Ɗan baffana ne ke riƙe da gidan, ido ya soma barinsa. Muka gaisa, muka lissafa matattu, sannan ya sa aka ɗauko gafakar. Tun daga yadda aka riƙo ta da hannu ɗaya na san labari. Jikata ta buɗe. Ɓarɓashin takarda ne kawai a ƙasanta.

Na ce, "Gara ce?"

Ya ce, "Haba Yaya, mu bar wa gara rubutun Malam? Kin san zanensa mai gida-gida da lambobi. Duk yaron da aka haifa a zuriyar nan ana ciro masa ganye guda, a kai wa baduku ya ɗinka laya. Shekarar ƙyanda har maƙwabta muka bai wa. Ai albarka ba a tara ta wuri ɗaya."

Na dubi yaran da ke wasa a tsakar gida. Kowa da tasa a wuya.

Jikata ta durƙusa gaban wata mai goyo ta ce, "Inna, in na buɗe na ɗauki hoto, a mayar a ɗinke?"

Matar ta dafe wuyan ɗanta. "Layar da aka buɗe ta mutu. Biyu na binne kafin wannan."

Jikata za ta ƙara magana na daka mata harara. Da dare ta ce min in irin ganyen da ta gani a Yamai ne, ba addu'a ba ce a ciki, lissafin kwanakin taurari ne da rabon gado. Na ce ta riƙe wannan a cikinta har mu bar garin.

A dawowa ba ta ci komai ba, direban ma ya gaji ya ƙyale ta. Abin da na gane a tafiyar nan, ba sai maƙiyi ke tarwatsa aikin mutum ba. Waɗanda suka fi ganin girmansa su suka raba shi ganye-ganye, kuma ban iya cewa sun yi laifi ba.

Washegari da na idar da salla na kwance tawa layar, wadda ke ƙuguna tun da aka yaye ni a gidan Malam, ban taɓa kwana babu ita ba. Na ajiye ta a tabarmar jikata tare da reza, na ce ta bi ɗinkin a hankali. Na fita na hura wutar koko, don kada in ga ana yanka ta.