Zaren Anti

Shagon ɗinkin yana saman bene, bisa wani kantin magani. Kekuna bakwai ne a ciki da teburin yanka ɗaya, kuma duk rigar da za ta fita daga ƙofar sai ta bi ta hannun Anti Almakashi. An sa mata sunan ne saboda ɗan almakashin da take ratayawa a wuya da igiyar takalmi. Shekararta tara tana shugabantar ɗakin, inda ake ɗinka kayan makaranta da rigunan ma'aikatan asibiti.

Ba mafaɗaciya ba ce. Idan ɗan wata ba shi da lafiya, ita ke fara cewa, "Tashi ki tafi gida." Sai dai ba ta iya barin riga ta wuce ba ta juya cikinta waje ba. Ta sake auna kwalar da aka auna, ta ja kowane maɓalli, ta tsaya bayan mai ɗinki har numfashinta na taɓa mata ƙeya. Alluran keke ma a kulle suke cikin aljihun teburinta. Wadda tata ta karye sai ta naɗe hannu ta jira. Tsofaffin ma'aikata sun san a da ba haka take ba. Shekara shida da suka wuce 'yarta ta fari ta rasu. Ta dawo aiki a mako na uku, ta rataya almakashin, kuma daga ranar ba ta sake zama kan keke ba, sai duba aikin wasu. Ba wadda ta taɓa ɗaga mata maganar.

Wata Litinin, Maman Tagwaye, wadda duk shagon ba mai hannunta a yanka da ɗinki, ta ce ƙarshen wata za ta bar aiki.

"Me aka yi miki?"

"Ba komai, Anti. So nake in gama riga in san na gama."

Anti ta kwana biyu tana juya maganar ba ta gane kanta ba. Abin da ta sani shi ne, in wannan matar ta tafi, rabin shagon ya tafi.

Ranar Laraba wata sabuwar ma'aikaciya, da suke kira Baƙuwa, ta gama rigarta ta farko. Ta kawo ta da hannu biyu cikin ladabi.

"Anti, a ina ake barin zaren yau? Hammata ko aljihu?"

Sauran kekunan suka tsaya lokaci guda.

"Wane zare?"

"Zarenki mana. Inna ta ce kowace riga a bar zare ɗaya yana reto. In kin gan shi kin datse, hankalinki ya kwanta. In ba ki samu komai ba, wai sai kin farke kalmasa."

Inna, wadda ta girmi kowa a ɗakin, ta sauke tabarau ta dafe kai. "Allah ya shirye ki, 'yar nan! Cewa na yi ki tambaye ni, ban ce ki tambaye ta ba!"

Anti ta juya a hankali. "Inna, tun yaushe?"

"Shekara biyar da wata huɗu."

"Kuma kullum a hammata?"

"Haba, sai ka ce ba mu da wayo? Litinin hammata, Talata aljihu. Laraba kwala ce, ita wannan ba ta riƙe ba."

Anti ta je kan tulin rigunan da ke jiran duba, ta zaro goma. Kowacce da zarenta ɗaya a kwala, tsawon gaɓar yatsa, kamar da tef aka auna su. Sauran ɗinkin kuwa tsaf, babu inda za a sa farce. Ta tuna yadda take komawa gida tana faɗa wa maigidanta, "Yau kuskure arba'in na kama, in ba don ni ba!" shi kuma yana jinjina mata. Sai dariya ta ƙwace mata. Ta zauna kan tulin yadi tana yi har da hawaye, ɗakin duka ya ɗauka, Baƙuwa kaɗai ke tsaye tana tsuru-tsuru.

"Wato shekara biyar kuna kiwona da zare kamar akuya da dusa!"

"Kuma kin yi ƙiba, masha Allah," in ji Inna.

Da dariyar ta lafa, Anti ta dubi Maman Tagwaye. "Ke a ina kike bar min nawa?"

"Ni hannuna ba ya yarda, Anti. Ban taɓa bari ba. Shi ya sa nawa kike farkewa kullum."

Anti ta sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallon almakashin da ke ƙirjinta. Sannan ta cire shi, ta haɗa da makullin allurai, ta ajiye kan teburin yanka.

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Hannunta ya riƙa kai wa wuya yana dawowa wayam. Suka yi yarjejeniya: riga ɗaya cikin goma za ta duba, kuma duk sanda ta tsaya bayan wata sai Inna ta yi tari. Makon farko Inna ta ce a saya mata maganin tari a ƙasa, tunda aikin ya zama na gaske.

Ranar ƙarshen wata Maman Tagwaye ta shigo da safe, ta shimfiɗa yadin odar wata mai zuwa, ta ɗauki alli. Anti ta gane ta fasa tafiya. Sai ta wuce wurin keken da ke kusa da taga, wanda ya daɗe a rufe, ta yaye ƙyallen, ta ɗiga masa mai. Ƙafarta ta yi ɗan gardama kafin ta tuna hanya.

Kafin azahar ta gama ƙaramar rigar makaranta, ta kai wa Inna da hannu biyu. Inna ta gyara tabarau, ta juya cikin rigar waje, ta ja maɓallai, sannan ta ɗago wani zare a aljihu.

"Wannan fa, Anti?"

"Naki ne, Inna. Yau Talata."